A-kori-kura a Hanyar Ƙofa: Daga Fijo zuwa Hilux

Sau da yawa mukan rubuta "sai ya shiga mota" mu wuce abinmu, alhali motar ma tana da zamaninta. Idan muka gina labari a Ƙofa ta Bebeji a 1982, jaruminmu ya sayar da amfanin gonar shekara biyu don ya mallaki a-kori-kura, wacce zai saya? Dattijan yankin ba za su yi dogon tunani ba: Peugeot, wadda bakinmu ya mayar Fijo.

Dalilin yana Kaduna. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri. A shekarun farko, jiragen sama ne ke kwaso sassan motocin daga Lyon ta Faransa su sauke a Kano, sannan manyan motoci su bi da su titin Zariya zuwa Kaduna. Wato kafin mutanen Bebeji da Kiru su hau Fijo, sassanta sun riga sun wuce ta gabansu a Kwanar Ɗangora. Shekara guda kafin nan, a 1974, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga. Noman rani ya bunƙasa, aka samu tumatir da albasa da shinkafar da jaki ba zai iya kai su kasuwa kan lokaci ba.

A-kori-kura ƙirar 404 ce ta fara cin kasuwa, 504 ta biyo baya. Ƙarfinsu ba boyayye ba ne: sifirin baya mai jure lodi, inji mai kafireta wanda babu kwamfuta a cikinsa. Amma mu a ganinmu, ba ƙarfe kaɗai ya ba su tsawon rai ba. Ko'ina ka tsaya akwai bakaniken da ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, kayan gyaranta kuma jibge suke a Ƙofar Ruwa. Ku tuna hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta bi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa. Direban da ya ɗauko masara, magariba ta riske shi a tsakiyar dajin nan, ba kyan fenti ne damuwarsa ba. Tambayarsa ɗaya ce: in ta mutu, ni da yaron mota za mu iya tayar da ita da sifana da guntun waya? Da Fijo, galibi ana iyawa.

Sai 1986 ta zo da shirin SAP na gwamnatin Janar Babangida. Naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin manomi da ɗan kasuwar ƙauye, aka koma wa na hannu 'yan Kwatano. A daidai lokacin sunan Toyota ke ƙara tashi. Tun 1968 ake ƙera Hilux a Japan, amma a 1987 ne maƙwabtanmu na Chadi suka yi mata talla mafi girma, da suka fatattaki tankokin Libiya a Fada suna kan a-kori-kurar Toyota, har aka sa wa yaƙin sunan kamfanin. Daga baya Hilux ta zama motar gwamnati, ta 'yan sanda da 'yan siyasa. (Abin lura ga mai rubuta labari: shigowarta ƙauye yakan sa a fara tambayar ko lafiya.)

Manomi kuwa bai bi ta can ba. Kuɗinta ya yi masa nisa, sababbin kuma in sun lalace sai an nemo mai na'urar duba inji daga birni. Shi ya sa a ranar kasuwa Kanta ce ke ɗaukar babban lodi, 'yar ƙaramar Hijet na kutsawa lungun gonaki, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya koma lissafin lita. A gefensu kuma har yau mukan ga tsohuwar 504, ƙofarta ɗaure da igiya, buhunan shinkafar Tudun Wada sun danne bayanta, ana tura ta kafin ta tashi.