Ƙaramin maciji a tsakar gida: yadda ake gane shi

Daga faɗuwar damina har kaka, tambaya guda ke yawan tasowa a ƙauyukan Madawa, Buza da Keita: mun ga ɗan maciji a tsakar gida, shin mai dafi ne? To, girman maciji ba ya nuna ƙarfin dafinsa. Kububuwa, wadda ta fi kowane maciji kashe mutane a wannan yanki na Afirka ta Yamma, yawanci tsawonta santimita 30 zuwa 60 ne kawai. Raina kama ka ga gayya.

Me ke kawo shi gida?

Abinci da maɓoya. Ɓerayen rumbu, kwaɗin gindin randa da ƙwan akurki su ke jawo shi, sannan ya laɓe cikin tarin itace, kara ko tubali. Ƙasar Adar kuma ƙasar duwatsu ce. Jerin duwatsun tare ruwa na gonakin Keita da lambunan albasa na fadamun Tarka da Maggiya duk wurin zamansa ne, wani lokaci ma cikin dami ake ɗauko shi a kawo gida.

In kun gan shi, a janye yara, a tsaya nesa kamar taku huɗu, a haska cocila in dare ne. Daga nan za a duba, ba da hannu ba.

Masu haɗari

Kububuwa, ko gobe-da-nisa: launin ƙasa gare ta da ɗigo-ɗigon fari a baya, fata mai kaushi, kai mai faɗi a kan siririn wuya, wutsiya gajera. In ta tsorata takan naɗe jiki tana goga shi, ka ji ƙara kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Dafinta yana hana jini daskarewa.

Ɗan kasa: gajere, kakkaura, kai faffaɗa, da zane mai kama da bakin kibiya jere a bayansa. Ba ya gudu, sai huci. Da dafinsa ake haihuwarsa.

Ɗan gamsheƙa ko kumurci: yakan ɗaga kai ya fasa wuya. Irin mai tsartar da dafi, ƙaraminsa toka-toka ne da baƙin kai da wuya, kuma ido yake nema.

Bida: a nan ake yawan ruɗewa. Akwai mai kamar tana, mai sheƙi, da wuya ka bambance kai da wutsiya. Wannan ba ta cutarwa. Akwai kuma baƙa wuluk mai ƙananan idanu, wadda ke sara ta gefen baki ko an riƙe ta a wuya. Tunda sun yi kama, kada a ɗauki ko ɗaya.

Waɗanda ba sa kisa

Macijin rairayi gajere ne mai kauri da santsi, ruwan ɗorawa da manyan tabo baƙi-baƙi, wutsiya dungu. Matse ɓera yake kamar mesa, ba shi da dafi. Sai dogon siriri mai manyan idanu da ke shararawa da rana yana farautar ƙadangaru. Saransa kan tsaya a zafi da ɗan kumburi. Sai mai haɗiye ƙwai, wanda ba shi da dafi ko kaɗan, amma yana kwaikwayon kububuwa a launi har da ƙarar goga jiki. Kansa ƙarami ne, bai fi wuyansa faɗi sosai ba. Shi ya sa dokar guda ce: duk mai wannan ƙara, a ɗauke shi kububuwa. Ko an kashe maciji kada yaro ya taɓa, domin yankakken kai yana iya sara.

In sara ya auku

A kwantar da mutum, a cire zobe da warwaro, a hana ƙafar ko hannun motsi. A ɗauke shi a amalanke, mota ko kabu-kabu zuwa likita mafi kusa, kada ya taka. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. Baƙin dutse ba ya fidda dafin da ya shiga jini. Kada a sha asfirin, yana ƙara zubar jini. In dafi ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa.

Saran kububuwa yana da yaudara: mutum na hira lafiya lau, sai can jini ya soma fita ta dasashi, hanci ko fitsari. A asibiti sukan zuba jininsa a busasshiyar kwalba su jira minti 20. In bai daskare ba, allurar kashe dafi ce magani. A buga waya tun a hanya a tambayi asibitin gunduma na Madawa, Buza ko Keita, ko na Galmi da na Tawa, inda allurar take. Ko ba a ga alama ba, a kwana ƙarƙashin kulawar likita.

Ƴan uwa na ci-rani a Kano, Legas ko Abijan, in an turo muku hoto ta WhatsApp, kada ku ce "ai ƙarami ne". In akwai sara, kuɗin mota da na allura su ne gudummawarku, kuma a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara, kuma tun 2017 ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. A share tsakar gida, a nisanta itace da ɗaki, a kwana cikin gidan sauro, a fita da cocila da takalmi. Allah ya tsare mu.