Yadda ake gane hoton da ya fito tar kafin a tura shi Kudu

Daga kasuwar shanu ta Mubi, fatake na tura hotunan dabbobi ga masu saye a Legas da Ibadan. Hoto mai dishi-dishi kan ɓoye ciwo, ƙarshenta a yi rigimar kuɗi.

Ga yadda nake tantancewa a manhajar Lightroom. Ban yarda da hoto yana ƙarami ba. Nakan danna Z ya girma zuwa kashi 100, in duba idon dabbar. In gashin ido ya fito ɗai-ɗai, sai P, na ajiye. In komai ya dushe, hannu ne ya girgiza. In bayan dabbar kaɗai ya fito, kyamara ta kama wani wuri. Duka biyun X, a watsar.

Wajen turawa ta WhatsApp kuwa, ku zaɓi HD, don kada ya matse hoton sosai.