Nazari a Kan Zaɓen Rababben Kibod Domin Hutun Hannu

Kafin mu shiga batun, ya kamata mu fayyace kalmomi biyu. Kibod shi ne allon maɓallan da ake dannawa a yi rubutu a kwamfuta. Rababben kibod kuwa shi ne wanda aka kasa maɓallansa gida biyu, kowane hannu da nasa ɓangaren. Manufarsa ita ce kayan aiki su bi halittar jikin mai aiki, maimakon jiki ya tanƙware domin kayan aiki. Kibod ɗin da muka saba da shi ya gaji tsarinsa ne daga keken rubutu na Christopher Sholes, wanda kamfanin Remington na Amurka ya fitar kasuwa a 1874, kuma buƙatun injin ne suka tsara shi.

Wahalar da kibod na gargajiya ke ɗora wa hannu iri uku ce. Ta farko, wuyan hannu yana karkacewa wajen ƙaramin yatsa, saboda an matse hannuwa biyu a wuri guda. Ta biyu, tafin hannu yana kifewa sarai a kan tebur, alhali idan hannu ya huta tafukan kan ɗan fuskanci juna. Ta uku, wuyan hannu yana lanƙwashewa sama, musamman idan an ɗaga bayan allon, wanda hakan ke ƙara matsi a kan jijiyar da ke ratsa wuyan hannu zuwa yatsu. Da waɗannan ukun za mu auna kowane kibod.

Rababbun kibod kuma kashi uku ne. Akwai mai gangar jiki ɗaya da aka buɗe tsakiyarsa, irin Microsoft Natural na 1994; yana rage karkacewa, amma tazararsa ba ta canzawa. Akwai mai ɓangarori biyu da waya ta haɗa, kamar Kinesis Freestyle da ErgoDox, wanda za a iya ware shi daidai faɗin kafaɗu, a kuma ɗaga gefensa na ciki kamar rufin tanti domin tafi ya daina kifewa. Sai mai zurfi kamar akushi, irin Maltron na Ingila da Kinesis Advantage, inda maɓallai ke jere bisa tsawon yatsu, manyan yatsu kuma suke ɗaukar aikin da a da ƙaramin yatsa ke sha.

Ga marubucin Hausa akwai ƙarin ma'auni guda. Yawancin irin ErgoDox suna ba da damar sauya aikin maɓalli, don haka tare da saitin da ya dace a kwamfuta za a iya kawo ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kusa da yatsa. Sai dai sabon jeri yana rage saurin rubutu na ɗan lokaci kafin hannu ya saba.

Saboda haka muna ganin mai zaɓe ya fara lura da inda hannunsa ke gajiya, sannan ya nemi allon da ke warware wannan matsalar. Wanda kuwa yatsunsa suka fara mutuwa ko tsami, ya fara da ganin likita kafin ya je kasuwa.