Badagiri 1842: Waiwaye a Kan Bikin Cika Shekara 150 na Ikilisiyar Metodis a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1992 ne mabiya ɗariƙar Metodis a Nijeriya suka yi bikin cika shekara 150 da kafuwar ikilisiyarsu. Lissafin ya faro ne daga ranar 24 ga Satumba, 1842, wato ranar da Rabaran Thomas Birch Freeman ya sauka a Badagiri, wani tsohon gari na bakin teku da ke yamma da Legas, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Babbar majami'ar Metodis ta garin sunan Freeman take ɗauke da shi, kuma ita mabiya suke ɗauka uwa ga sauran majami'unsu na ƙasar nan. An yi irin wannan biki a 1942, an kuma sake yi a 2022. Biyun farko kowanne ya bar littafin tarihi: F. Deaville Walker ya wallafa A Hundred Years in Nigeria a 1942, M. M. Familusi kuma ya fitar da Methodism in Nigeria a 1992.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba abin da waccan rana ta ƙunsa da abin da ta bari a baya, wato su wane ne suka kafa ikilisiyar a haƙiƙa, da wane harshe aka yi wa mutanen garin magana, da kuma dalilin da ya sa bikin 1992 ya fi sauran nauyi a zukatan mabiya.

2.0 Waɗanda Suka Riga Freeman Isowa

Abin da ya kamata a fara lura da shi shi ne, Freeman bai zo don raɗin kansa ba, kiransa aka yi. Bayan da Ingila ta haramta fataucin bayi a 1807, sai jiragen yaƙinta suka riƙa tare jiragen bayi a teku, suna sauke mutanen da ke ciki a Firitawun ta ƙasar Saliyo. Daga cikin waɗanda aka 'yantar akwai ɗimbin Yarabawa da yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan raunin daular Oyo suka jefa hannun fatake, musamman Egbawa. Wasunsu sun karɓi Kiristanci, sun koyi sana'a, sun yi arziki. Daga 1839 sai suka fara haɗa kuɗi suna sayen jiragen da aka ƙwace daga masu fataucin bayi, suna komowa gida. Su ne ake kira Saro. Mafi yawansu Abekuta suka nufa, Badagiri kuwa mashiga ce kawai.

A nan ne tsarin ɗariƙar ya yi amfani. John Wesley (1703–1791) ya rarraba mabiyansa zuwa ƙananan rukunoni na kimanin mutum goma sha biyu, kowane rukuni da shugabansa wanda ba fasto ba ne, suna haɗuwa mako-mako don addu'a da binciken halin juna. Ya kuma yarda wa talakawan mabiya su yi wa'azi. Saboda haka ɗan Metodis da ya baro Firitawun yana iya tara 'yan'uwansa a yi sujada ko da babu malamin da aka naɗa. A farkon 1841 ɗaya daga cikin waɗannan mutane, James Ferguson, ya aika wa Rabaran Thomas Dove takarda zuwa Saliyo yana roƙon a turo musu mai wa'azi, Wawu kuma, wato basaraken unguwar da ke hulɗa da Ingilishi, ya goyi bayan roƙon. Wannan takarda ce ta sa hukumar mishan ta Wesley da ke Landan ta umurci Freeman ya tashi daga Cape Coast ta ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau.

Ke nan idan ana nufin jama'ar masu bi da kalmar ikilisiya, kamar yadda Kiristoci da kansu suke fassara ta, to ikilisiyar Badagiri ta girmi ranar da ake ƙidaya shekarunta. J. F. Ade Ajayi (1965) ya ba wannan komowa ta Saro muhimmanci ƙwarai a bayaninsa na mafarin aikin mishan. Amma takardar Ferguson ba ta sami ranar biki ba, saukar fasto daga jirgi ita ta samu.

3.0 Watanni Uku na Ƙarshen 1842

An haifi Freeman a 1809 a ƙauyen Twyford na Ingila. Mahaifinsa baƙar fata ne ɗan asalin Afirka, mahaifiyarsa Baturiya. Sana'arsa ta farko kula da lambu ce, yana kuma da sanin tsirrai. Ya isa Cape Coast a Janairun 1838, ya tarar zazzaɓi ya kashe duk waɗanda suka gabace shi tun daga Joseph Dunwell, wanda ya zo a 1835 ya rasu cikin wata shida. Matar Freeman ma ba ta daɗe ba ta rasu, shi kuwa ya rayu, har ya kai ziyara Kumasi a 1839.

Da ya sauka Badagiri tare da William de Graft da matarsa, sai ya sayi fili ya gina 'yar majami'a ta gora da gidan kwana. Bai zauna ba. Ranar 11 ga Disamba ya shiga Abekuta, inda Shodeke, jagoran Egbawa, ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ya komo ana jajiberin Kirsimeti ya tarar da Henry Townsend na mishan ɗin Angilika, wanda ya sauka mako guda kafin nan. Su biyu suka jagoranci sujadar Kirsimeti, wadda al'adar garin ta ce a gindin bishiyar Agia aka yi ta. Bishiyar ta faɗi a 1959, aka kafa hasumiyar tunawa a gurbinta. Daga nan Freeman ya wuce wurin Sarki Gezo na Dahome a farkon 1843, ya koma Gwalkwas.

Wanda aka bari da aikin shi ne de Graft, Bafante, wanda tun farko shi ne ya roƙi wani matuƙin jirgi ya kawo musu Littafi Mai Tsarki a Gwalkwas, roƙon da ya jawo zuwan Dunwell. Shi da matarsa suka buɗe makaranta a 1843, wadda ake lissafawa a matsayin makarantar boko ta farko a ƙasar nan. Ba za a ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba, domin Freeman ya sha tasa wahalar, har ma saɓani a kan kashe kuɗi ya sa ya ajiye aiki a 1857, bai koma ba sai 1873, ya rasu a Akara a 1890. Duk da haka zamansa a Badagiri bai wuce 'yan watanni ba, kuma da babu de Graft da babu abin da zai tsira.

Akwai maganganu biyu da ake yawan yi a wuraren biki waɗanda suke bukatar gyara. Ta farko ita ce wai a gindin Agia aka fara wa'azin Kiristanci a Nijeriya. Malaman Katolika daga Fotugal sun isa birnin Benin wajen 1515, sun kuma shiga Warri tun ƙarni na 16, har wani ɗan sarkin Warri mai suna Domingos ya yi karatu a Fotugal. Abin da ya dace a ce shi ne daga 1842 ne aikin bishara ya ɗore bai yanke ba. Ta biyu ita ce batun benen da Gollmer na Angilika ya gina a garin a 1845, wanda ake nuna wa baƙi a matsayin bene na farko a Nijeriya. Duk wanda ya san hasumiyar Gobarau ta Katsina da sorayen birnin Kano ya san magina sun daɗe suna ɗora ɗaki a kan ɗaki. Bene irin na Turawa na farko, wannan kam ana iya yarda.

4.0 Harshen Gari da Harshen Majami'a

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar masu nazarin harshe, shi ne kuma littattafan biki suka fi taƙaitawa. Mutanen Badagiri na asali Egun ne, harshensu Ogu ko Gun, ɗan dangin harsunan Gbe, ɗan'uwan Fon da Ewe. Ba Yarabanci ba ne, ko da yake da yawansu suna jin sa saboda ciniki. Freeman Ingilishi yake ji. De Graft Fante da Ingilishi. Saro kuma Yarabanci da Kiriyo. Ashe ke nan a cikin waɗanda suka kafa majami'ar ba a dogara da harshen masu gari ba, sai ta bakin tafinta.

Garin kuma ba baƙon harsuna ba ne. Daga nan Clapperton ya kama hanyar Sakkwato a Disambar 1825, kuma da Richard Lander da ƙanensa John suka sauka a 1830 sun tarar da malamai Hausawa, sun kuma ga Musulmi suna bikin ƙaramar salla. Wato shekara goma sha biyu kafin Freeman, akwai masu addinin littafi a bakin wannan teku, masu karatu da Larabci, masu hira da Hausa.

Hankalin 'yan mishan yana kan Abekuta, don haka harshen da suka zuba wa ƙarfi shi ne Yarabanci. A 1843 Samuel Ajayi Crowther ya buga ƙamusunsa na Yarabanci, a shekarar da J. F. Schön ya buga nasa na Hausa, dukansu biyu bayan sun komo daga tafiyar kogin Kwara ta 1841. Da mutuwar Shodeke a 1845 ta tsare tawagar Angilika a Badagiri fiye da shekara guda, Crowther ya ci gaba da fassara a cikin garin, amma zuwa Yarabanci. Townsend ya fara jaridar Iwe Irohin a Abekuta a 1859, a 1875 kuma ɗariƙun mishan suka zauna a Legas don daidaita ƙa'idar rubutun Yarabanci. Kafin 1884 an kammala fassara Littafi Mai Tsarki duka. Harshen Gun kuwa sai a hayin iyaka ya sami gata, a Porto-Novo, inda 'yan Metodis suka yi aikin fassara, cikakken littafin bai fito ba sai 1923, shekara tara kafin na Hausa na 1932.

Ba za a ɗora wa harshe kaɗai alhakin ƙarancin mabiya a Badagiri ba. Sarakunan garin sun rayu a kan fataucin bayi, sun ga zuwan 'yan mishan bai kawo cinikin da zai maye gurbinsa ba, jama'a kuma suna riƙe da bautar vodun. Sannan a 1851 rikicin sarautar Legas tsakanin Akitoye da Kosoko ya fantsamo garin, aka yi yaƙin basasa, wuta ta cinye sashe mai yawa. A ƙarshen shekarar Ingilishi suka yi wa Legas luguden wuta, daga 1852 kuma fatake da 'yan mishan suka karkata can. Amma da wuya a ce rashin wa'azi da karatu cikin harshen uwa bai taimaka wajen mayar da majami'ar ta zama ta baƙi ba. Manyan makarantun ɗariƙar duk a wasu garuruwa suka tashi: sakandaren maza ta Legas a 1878, inda Nnamdi Azikiwe ya yi karatu, ta mata a 1879, da Kwalejin Wesley ta Ibadan a 1905, wadda Obafemi Awolowo ya halarta. Uwa ta zauna a ƙauye, 'ya'ya suka yi suna a birni.

5.0 Nauyin Bikin 1992

Bikin 1942 na lardin mishan ne da ke ƙarƙashin Landan. Ikilisiyar ba ta sami cin gashin kai ba sai ranar 28 ga Satumba, 1962, Rabaran Joseph Soremekun ya zama shugabanta na farko ɗan ƙasa. Abin da ya biyo baya bai zo da sauƙi ba. An shirya haɗewar Angilika da Metodis da Firesbiteriya ta zama ikilisiya ɗaya a Disambar 1965, sai wasu majami'un Metodis na Legas suka garzaya kotu, shirin ya wargaje ana saura kwanaki.

Sai kuma Farfesa Bolaji Idowu, masanin addini na Jami'ar Ibadan, marubucin Olodumare (1962) da Towards an Indigenous Church (1965), wanda aka zaɓa shugaba a 1972. Ra'ayinsa shi ne ikilisiyar Afirka ta daina zama inuwar ta Turai. A 1976 aka kawo sabon tsarin mulki mai bishop-bishop da manyan bishop, shi kuma ya ɗauki laƙabin Patriarch, wato uban ikilisiya. Wani ɓangare ya ce wannan ya saɓa wa yarjejeniyar 1962 da sauƙin kai irin na Wesley, suka tsaya a kan tsohon tsari mai shugaba. Shekara goma sha huɗu aka yi ana ja-in-ja a kan majami'u da kadarori, a kotu da wajen kotu. Ba a sasanta ba sai ranar 24 ga Mayu, 1990, ranar da ta dace da wadda 'yan ɗariƙar suke tunawa da sabunta bangaskiyar Wesley a unguwar Aldersgate ta Landan a 1738. Aka riƙe tsarin bishop, aka jingine laƙabin da ya jawo faɗa, aka koma kiran shugaba Prelate.

Saboda haka bikin 1992 ya zo ne shekara biyu kacal bayan sulhu, kuma 1842 ita ce shekarar da babu ɓangaren da yake jayayya a kanta. Wanda ya jagorance shi, Sunday Mbang, mutumin Eket ne, wato ya fito daga wani reshe dabam wanda bai bi ta Badagiri ba. Metodis na gabas asalinsu ƙungiyar Primitive ce, wadda ta zauna a tsibirin Fernando Po tun 1870, ta ƙetaro zuwa garin Archibong a 1893, ta bazu zuwa Oron da Ikot Ekpene da Uzuakoli, ta bi hanyar jirgin ƙasa har ƙasar Idoma. Ba su zama ɗaya da na yamma ba sai bayan haɗewar iyayensu a Ingila a 1932. A wajensu aka sami abin da Badagiri ta rasa, domin a zangon kutare na Uzuakoli ne Ikoli Harcourt Whyte ya tsara waƙoƙin sujada cikin harshen Ibo, yana bin karin sautin harshen maimakon tilasta shi cikin muryar waƙar Turawa. Da nasu lissafin za a bi, a 1993 ne suka cika shekara 100. Suka karɓi 1842, a 2022 kuma, shekarar cika 180, aka zaɓi Oliver Ali Aba daga ƙasar Idoma ya shugabanci ikilisiyar.