Kano ko Katsina: Ina Ya Fi Daɗin Zama? Ga Abin da Tarihi Ya Ce

Yau batunmu shi ne gardamar nan da ba ta ƙarewa a majalisa: tsakanin Kano da Katsina, ina mutum zai zauna ya fi jin daɗi? Bakano zai ce maka ai maganar ma ba ta taso ba, tumbin giwa ke nan. Bakatsine kuma ya ce to je ka sha cunkoso, mu dai muna ɗakin kara. To wannan tambaya ba da mu ta fara ba. Kakanninmu sun yi ta, kuma sun amsa ta da ƙafafunsu.

Mu koma ƙarni na 15. A Kano akwai Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, zamanin da aka kafa Kasuwar Kurmi aka gina Gidan Rumfa. A Katsina kuma daular Muhammadu Korau ta kafu, ga masallacin Gobarau da hasumiyarsa take tsaye har gobe. Shehu Magili, babban malamin nan daga Arewacin Afirka, ya zauna a biranen biyu. Wato tun lokacin suna kafaɗa da kafaɗa, kuma sun daɗe suna gwabza yaƙi a kan wa zai riƙe hanyar fatauci.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, a ƙarni na 17 da na 18, in ka tambayi bafatake ko almajirin ilimi ina ya fi, yawanci Katsina zai ce maka. Me ya sa? A 1591 sojojin Maroko suka karya daular Songhai, sai harkar ayarin Sahara ta ƙara karkatowa gabas. Ayarin da ya taso daga Agadas kuwa Katsina yake fara tararwa kafin Kano. A daidai wannan lokaci Kano tana fama da hare-haren Kwararrafa daga kudu. Sai Katsina ta cika da attajirai da malamai. Zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ke nan. Daga nan ne kuma Muhammadu Alkashinawi ya fito, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741.

To me ya juya lamarin? Tsaro. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804, Katsina ta faɗa hannun Malam Ummarun Dallaje wajen 1807. Sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi, wadda yau take cikin Nijar. Ba su haƙura ba. Shekara da shekaru suna kawo hari ƙasar Katsina, hanya ta zama ba tabbas. Shi kuwa ɗan kasuwa, kun san shi, ba ya kwana inda ake ƙona rumbu. A Kano, Sarki Ibrahim Dabo, daga 1819 zuwa 1846, ya murƙushe tawaye, aka kakkafa ribaɗi, ƙasa ta lafa. Sai fatake da masaƙa da marina suka riƙa kwashe iyalansu suna komawa ƙasar Kano. Cikin irin waɗannan fatake akwai Agalawa, zuriyar da Alhassan Ɗantata ya fito daga cikinta.

Baturen Jamus ɗin nan, Heinrich Barth, ya ratsa biranen biyu a 1851. Ya tarar da ganuwar Katsina makekiya, amma cikinta duk kangaye da gonaki, ya ƙiyasta mutanen garin ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Kano kuwa ya ba ta kimanin 30,000, kuma ya ce adadin kan ninka lokacin da ayari suka sauka. Ku duba fa, cikin shekara hamsin kacal.

Turawan mulkin mallaka suka zo suka ƙara wa Kano nauyi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, bai ƙarasa birnin Katsina ba. Gyaɗa ta samu hanyar zuwa teku, aka fara tara dalar gyaɗa, kamfanoni suka sauka. Katsina ita ma ba ta tashi a tutar babu ba. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Sai aka samu wani irin rabo: mai neman kuɗi ya nufi Kano, mai neman ilimin boko ya nufi Katsina, har zuwa 1938 da aka mayar da makarantar Kaduna.

Yau fa? Kano na da Kwari da Singa da Dawanau, ga asibitoci da jami'o'i, amma ga tsadar haya da cunkoso. Katsina, wadda ta zama babban birnin jiha a 1987, ta fi natsuwa da sauƙin zirga-zirga. Sai dai tsohon ciwon nan ya dawo da sabuwar fuska: 'yan bindiga a yankunan Batsari da Jibiya da Safana, ga rufe boda a 2019 da 2023 da ya taɓa cinikin Maraɗi.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, in za ka zaɓa, kar ka tsaya a kirari. Ka yi tambayar da fataken da suka yi: hanyar da abincina yake biyowa a buɗe take? Iyalina za su kwana lafiya? Garin da ya amsa maka waɗannan biyun, shi ne naka. Su kuma masu mulki su tuna, Katsina ta taɓa zama gaba, tsaro ne ya kwashe mata mutane, kuma ba wani birnin da ya fi ƙarfin hakan.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya zaunar da garuruwanmu lafiya.