Cutar kanka ta lemu

Cutar kanka cuta ce da bakteriyar Xanthomonas citri ke haifarwa a bishiyoyin dangin lemu. Ana kyautata zaton asalinta kudu maso gabashin Asiya ne. Tana fitar da ƙuraje masu kaushi, ruwan ƙasa, da rawaya kewaye da su, a ganye da reshe da 'ya'ya. In ta tsananta, ganye kan zube, 'ya'ya su kaɗe tun ba su nuna ba. Ruwan sama mai iska ne ke yaɗa ta.

Ire-irenta

Ƙarfin cutar ya danganta da irin bakteriyar. Nau'in A ya fi kowanne yaɗuwa da ɓarna, domin yana kama kusan duk dangin lemu, musamman garehul da ƙaramin lemun tsami. Nau'in B, da aka sani a Ajantina da Urugwai da Faragwai, ya fi addabar babban lemun tsami mai rawaya. Nau'in C na jihar Sao Paulo a Barazil ƙaramin lemun tsami kaɗai yake kamawa. Nau'in Aw na Filorida ba ya iya cin garehul, saboda ƙwayar halittarsa avrGf1 tana sa ganyen ya kashe wurin da cutar ta shiga.

A Filorida an ayyana kawar da cutar a 1933, ta sake ɓulla a 1986 da 1995. A 2006 aka dakatar da shirin kawar da ita.