Daga hatimin sarki zuwa lambobi shida a wayarka

1/ Ranar Litinin na sha kunya a wurin aiki. Asabar da Lahadi ina gida a Garo ina gyara wani rahoto, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Na rufe kwamfuta da zaton gyaran ya hau intanet. Ashe bai hau ba. Oga ya buɗe ta ɓangarensa, ya ga tsohon kwafi, ya tura shi sama haka nan da kurakuransa.

2/ Ran nan kuma aka fito da sanarwa: kowa ya sa manhajar tantancewa a wayarsa, in ba haka ba babu shiga imel ɗin aiki. Wani abokin aikina ya ce, "To wayar tasu ce ko tawa? Da kuɗina fa na saya." Sai na tuna wannan rigima ta girmi kakanninmu. Ku gyara zama, zare ne 🧵

3/ Duk ofis a duniya, tun da aka fara rubutu, tambaya biyu ke damunsa. Wanne ne kwafin gaskiya? Kuma ta yaya za a san wanda ya aiko saƙo shi ne ya aiko? Ku riƙe waɗannan biyun, su za mu bi har ƙarshe.

4/ A Daular Usmaniyya, wasiƙun da ke yawo tsakanin Sakkwato da Kano da Larabci ake rubuta su, a buga hatimin sarki a saman takarda. Wazirin Sakkwato shi ne ƙofar Kano, ta hannunsa saƙo ke bi. Takarda ba hatimi, ko da wa ta zo, sai an yi mata kallon tuhuma.

5/ Amma hatimi kaɗai bai isa ba. Akwai manzon da ya kawo ta, wanda fada ta san fuskarsa, ta san gidan ubangidansa. A ƙasar Kano ma haka: hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ke fita ƙauyuka. Dagaci a nan yammacin Kano ya san jakadansa ido da ido. Baƙo ba zai zo rana tsaka ya ce a tara masa haraji ba.

6/ Kun ga ke nan mataki biyu ne: abin da ka riƙo a hannu, da kuma wanda aka san kai ne. Abin da 'yan kwamfuta ke kira tantancewa mai mataki biyu, fada ta daɗe tana yin sa da tawada da doki.

7/ In kuna son sanin tsadar takardar da ba a tantance ba, ga misali. A 1902 Lugga ya ce ya karɓi wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman mai nuna cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi. Da ita ya kafa hujja a wurin manyansa na Landan. Kano ta faɗi 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato 15 ga Maris.

8/ Abin da ke hannun masana yau fassarar Turanci ce. Asalin ta Larabcin ba a same ta ba. Wani tsohon jami'in mulkin mallaka, Muffett, ya fito da shakkunsa a kanta cikin littafinsa na 1964, kuma masana tarihi sun yi ta muhawara a kai. Ƙasa guda ta tafi, takardar da aka kafa hujja da ita kuma ba a iya ɗora ta a tebur ba.

9/ Ɓangaren ajiya kuma: da Turawa suka shiga Sakkwato sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari. A 1927 wani Bature, Backwell, ya buga fassararsu a Ikko. Darasi a nan: wanda ya kama rumbun takardunka ya kama sirrinka gaba ɗaya, har da abin da kai ka manta ka rubuta.

10/ Zamanin En'e ya zo da fayil. An tura hakimai su zauna a gundumominsu, makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nassarawa a 1909 ta fara yaye malaman ofis. Sai tafireta da takardar kabon: bugu ɗaya, kwafi biyu ko uku, ɗaya ya tafi, ɗaya ya zauna a kabad. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa.

11/ Talaka kuwa rasit ɗin haraji ne shaidarsa. Tambayi tsoho a gidanku yadda ake ninke shi a aljihu in za a yi tafiya. A haka aka zauna har Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979.

12/ Waɗancan fayilolin ba su mutu ba. A 1954 Kenneth Dike ya jagoranci kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Ibadan, daga baya aka buɗe reshe a Kaduna. Har gobe ɗalibai na zuwa can su nemi fayilolin lardin Kano. Takardar da ta haura shekara ɗari tana buɗuwa. Filas ɗina na 2015 ko fitila ba ya kawowa 😅

13/ Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a Agusta 2001. Wanda ya yi zamanin kafe da bizines santa ya san wahalar filas: ka kai a buga maka furojet, ka dawo gida bairos ta ɓoye komai. A Amurka ma abin ya ishe su. Drew Houston ya manta filas ɗinsa zai yi tafiya a bas, haushin haka ya sa ya fara Dropbox a 2007. Google Drive ya biyo a 2012.

14/ Abin da ake kira gajimare ba a sama yake ba. Kwamfutar wani ce a wani katafaren gini, galibi a wata ƙasa. Manhajar da ke kwamfutarka aikinta ta riƙa daidaita naka kwafin da nasu. In ka yi gyara, ta tura. In abokin aikinka ya yi, ta sauko maka da shi.

15/ Matsalar ita ce, wanda ya tsara ta yana zaune inda wuta ba ta ɗaukewa, data ba ta ƙarewa. Kai kuma kana tsakanin Garo da Gwarzo sabis na wasan ɓuya. Ka gyara ba intanet, wani ya gyara a ofis, manhaja ta rasa na wa za ta bi, sai ta haifo kwafi biyu. Tambayar farko ta dawo: wanne ne na gaskiya?

16/ Ga wanda ya fi ciwo: daidaitawa madubi ce. In ka goge fayil a nan, ya gogu a can. Google Drive kwana 30 yake riƙe abin da ke kwandon shara kafin ya share. Kuma su ma manyan suna tuntuɓe: a Nuwamba 2023 Google ya amsa cewa wasu masu amfani da manhajarsa ta kwamfuta sun nemi fayilolinsu sun rasa.

17/ Yanzu hatimi. Lambar sirri kaɗai ta daina isa. Satar da aka yi wa Dropbox a 2012, sai a 2016 aka gane ta shafi asusu kusan miliyan 68. A gida kuma mun sha namu layin: BVN a 2014, haɗa NIN da layin waya daga Disamba 2020. Saƙon OTP ma ana sace shi in aka yi wa mutum musanyen sim.

18/ Shi ya sa ofisoshi suka koma manhajar tantancewa. Google Authenticator ta fito a 2010. Ga yadda take aiki: hoton QR da ka ɗauka ranar farko yana ɗauke da mabuɗin sirri. Manhajar tana haɗa mabuɗin da agogon waya ta fitar da lambobi shida, duk daƙiƙa 30 su canza. Ko data ba ta buƙata.

19/ Saboda haka irin wannan manhajar ba ta da abin yi da hotunanka ko lambobin mutanenka. Inda tsoron abokin aikina ke da tushe shi ne: wasu kan nemi sanin inda kake in ofis ya kunna wannan sharaɗin. Wani lokaci kuma ana haɗawa da yi wa wayar rajista a ƙarƙashin kulawar ofis, wanda kan iya ba su damar ganin manhajojin da ke kanta, ko ma goge ta daga nesa. Abu biyu ne daban, amma sau da yawa a sanarwa ɗaya suke zuwa.

20/ A Afrilu 2023 tambayoyin nan biyu suka haɗu wuri guda. Google ya sa lambobin tantancewa su riƙa hawa gajimare, don kar wanda wayarsa ta ɓata ya rasa komai. Masana tsaro suka yi ƙorafi nan take. A Agusta aka yaudari ma'aikacin wani kamfanin Amurka, Retool, aka shiga asusunsa na Google, aka tarar da lambobin a jere. Abokan cinikinsu 27 abin ya shafa. An ajiye hatimi a cikin rumbun, ɓarawo ya samu biyu a ɗaya.

21/ Bambancinmu da malamin fada shi ne, shi hatimin na sarki ne, sarki ke tsaronsa. Mu an ɗora hatimin ofis a kan wayar da muke hira da iyalinmu, cajinta da datarta daga aljihunmu. In 'yan ƙwacen waya suka tare ka, da aikinka suka tafi.

22/ Tun Yuni 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan sirri, da hukumar NDPC mai kula da ita. Kana da haƙƙin a faɗa maka wane bayani ake ɗauka a kanka da dalilin ɗaukarsa. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Cikin ladabi: "Yallaɓai, lambobi kawai za ta bayar, ko rajistar wayar za a yi? In na bar aiki, me zai faru da ita?"

23/ Ni dai ga abin da na koma yi. Ba na rufe kwamfuta sai na ga alamar an gama turawa. Duk aiki mai muhimmanci ina da kwafinsa a wajen gajimare, da kwanan wata a sunansa. Lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa ranar rajista na rubuta su a takarda, suna cikin akwatin Hajiyarmu tare da takardun gona.

24/ Manhajar kuwa na sa ta, bayan na yi tambaya an ba ni amsa a rubuce. Abokin nawa har yanzu ya ƙi, ya ce sai ofis ya saya masa waya. Ku fa, a wurin aikinku wa ke riƙe da hatimin? Wanda kakansa ya yi malamin haraji ko ɗinkin fayil a En'e ya ba mu labari a ƙasa 👇